Sabuwar kwamfuta da nauyin facin PES: abin da na gani a wani shagon gyara a Ringim

Shagon da zan yi magana a kansa yana cikin garin Ringim, a wani layi da ke bayan tasha, tsakanin mai sayar da cajar waya da wani tela, kuma ba shi da allon suna, sai rubutun fenti a jikin ƙyaure da ke cewa ana gyaran kwamfuta da waya. Na kai masa aiki sau biyu cikin kwana goma a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa, kuma tun daga nan mutum uku sun tare ni a ƙauyenmu suna tambayar ko ya cancanci a ɗauki kwamfuta a hau mashin a kai masa. Amsar ba ta yiwuwa a tsaye a bakin masallaci, don haka na ga ya fi kyau in zauna in rubuta ta dalla-dalla.

Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare, amma da yamma ina buɗe wani ɗan ɗaki a bakin hanya inda samari ke biya su buga ƙwallo a kwamfuta. Jarin ba wani babba ba ne: talabijin ɗaya, benci biyu, abin riƙewa a hannu guda huɗu, da sola mai batir biyu. Wasan da ke kawo mini ciniki shi ne PES 2021, wanda kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar a watan Satumbar 2020. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya sauya wa wasan suna zuwa eFootball, ya kuma bar injin Fox da aka gina tsofaffin wasannin a kansa ya koma Unreal, sai masu yi wa wasa kwaskwarima da yawa suka ƙi bin sabon, suka zauna a kan na 2021 suna ci gaba da ɗinka masa sababbin riguna da fuskokin 'yan wasa da filaye. Wannan ƙarin shi muke kira faci, kuma a wurina shi ne kasuwar gaba ɗaya, domin gasar ƙwallon Najeriya ba ta cikin wasan yadda ya fito daga kamfani, alhali yaron ƙauyenmu yana son ya ɗauki Kano Pillars da rigarta mai ruwan ɗorawa, ya kara da abokinsa da ya ɗauki Jigawa Golden Stars, ana ihun sai masu gida har maƙwabta su leƙo.

Manhajar da ke shigar da yawancin facin nan sunanta Sider. Ana kunna ta kafin wasan, ita kuma sai ta tsaya tsakanin wasan da fayilolinsa, duk lokacin da wasan ya nemi riga ko fuska ko ƙwallo sai ta duba ko akwai madadin da aka ajiye mata a wata folda, in akwai ta miƙa masa shi. A tsohuwar kwamfutata ta tebur, wadda na saya ta hannu kuma ta mutu a daminar bara, daga kunna Sider zuwa busa usur ɗin fara wasa bai kai minti biyu ba. Da na tara kuɗin adashe da na wake na je Kano na sayo laftof sabuwa dal a kwalinta, mai firosesa Core i5-10300H da katin hoto GTX 1650 da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabait 8, na ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga shi wannan tafiyar ta minti biyu ta koma minti goma sha ɗaya, kwance wani ƙullin fuskoki mai gigabait tara ya ɗauke ni daga azahar har bayan magariba, kuma a cikin wasan kansa 'yan ƙwallo suna tafiya kamar waɗanda ke ratsa taɓo. Yara suka fara cewa in mayar da tsohuwar, su ba su san ta riga mu gidan gaskiya ba.

Kafin in je Ringim na sha shawarwari. Kusan kowa abu ɗaya yake faɗa, wato a yi mata fomat, a goge komai a zuba sabuwar Windows, wasu kuma suka ce in kashe manhajar tsaro gaba ɗaya. Wani mai gyaran waya a kusa da mu ma ya yanka mini kuɗin fomat ɗin tun bai buɗe murfin kwamfutar ba. Abin da ya hana ni shi ne facin da na tara ya haura gigabait sittin, wani na sauke shi da data cikin dare a wurin da sabis ke kamawa, wani na kwaso a filash daga abokai, kuma babu wanda ya iya gaya mini dalilin da zai sa kwamfutar da ba ta yi wata guda a hannuna ba ta buƙaci wanka.

Mai shagon na Ringim matashi ne da bai wuce shekara talatin ba, kowa Injiniya yake ce masa, kuma abu na farko da ya burge ni shi ne bai karɓi kwamfutar ya ce in dawo gobe ba. Ya share gefen teburinsa, ya ce, "Malam, jona ta da cajarka yadda kake yi a gida, ka yi duk abin da ka saba yi, ni kallo kawai zan yi." Ya ɗauko wayarsa ya kunna agogon ƙidaya, ya buɗe wani littafin rubutu na 'yan makaranta ya rubuta lokacin da na danna Sider da lokacin da wasan ya buɗe da lokacin da aka take ƙwallo. Minti goma da daƙiƙa arba'in ya samu. Na tambaye shi amfanin rubutun, sai ya ce idan bai san inda aka tashi ba, ba zai iya rantsuwa cewa gyaransa ya yi aiki ba, ni ma kuma ba zan san abin da na biya ba.

Daga nan ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ya buɗe, ya shiga shafin da ke nuna ƙoƙarin kowane sashe na kwamfutar, ya sa ɗan yatsa a kan wata lamba ya ce in karanta. An rubuta 0.79 GHz. Ya ce firosesar nan gudunta na yau da kullum 2.5 ne, kuma idan aiki ya taso tana iya kaiwa 4.5, don haka abin da nake gani kamar mota ce da aka ɗaure ta a giyar farko. Bai ce komai game da dalili ba, sai ya kife kwamfutar ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasanta, bolt 19.5 da amfiya 7.7, sannan ya juya cajar ya nuna mini nata, bolt 19.5 da amfiya 3.33. Ya miƙo mini biro yana murmushi ya ce, "Malam, kai ne na lissafi, ninka mana." Na ninka na farko ya ba ni wat 150, na biyu ya ba ni wat 65. Kunya ta kama ni, domin wata guda ina kwana da wannan cajar ban taɓa juya bayanta ba, kuma a lokacin ne na tuna da wani ɗan saƙo da ke fitowa a kusurwar allo duk sanda na jona wuta, wanda nake rufewa ba tare da na karanta ba.

Bayaninsa shi ne cewa laftof da yawa suna gane ƙarfin cajar da aka jona musu, wasu ta wata siririyar allura da ke tsakiyar bakin cajar, kuma idan suka ga wutar ba za ta ɗauki nauyin firosesa da katin hoto a tare ba, sai su rage wa kansu gudu don kada su mutu a tsakiyar aiki. Ya jawo tasa cajar ta gwaji mai wat 150 daga ƙarƙashin tebur ya jona, kuma a kan idona lambar nan ta tashi daga 0.79 ta haura 4. Gani ya kori ji. A nan ne kuma ya yi abin da ya sa na yarda da shi, domin na ce ya sayar mini da cajar ko ya samo mini irinta, sai ya ce a'a, kwamfutar da aka sayar a matsayin sabuwa da cajarta take zuwa, in koma wurin wanda ya sayar mini in nemi haƙƙina tukuna, idan ya ƙi sai mu yi maganar saye. Na koma Kano bayan kwana biyu, an ɗan yi ja-in-ja, daga ƙarshe aka ce yaron shago ne ya haɗa kwalaye ba daidai ba, aka ba ni caja mai nauyi kamar rabin bulo. Ko kuskure ne ko ba kuskure ba, wannan tsakaninsu da Allah.

Mu dawo shagon Injiniya a ranar farko: da cajarsa ta gwaji lokacin ya sauko zuwa minti shida da 'yan kai, kuma da ni ne da na ce alhamdu lillahi na naɗe kayana. Injiniya ya ce ba a nan gizo ke saƙar ba, ya nuna mini wani layin a Task Manager inda faifan ajiya yake tsaye cak a kan kashi ɗari bisa ɗari, alhali abin da yake karantawa bai wuce megabait biyu ko uku a daƙiƙa ba. Kwamfutar tana da ma'ajiya biyu, SSD mai gigabait 256 wanda Windows ke kai, da faifai mai juyawa na terabait ɗaya, ni kuma saboda tsoron cika ƙaramin sai na jibge wasan da Sider da duk facin a kan babban. Shi faifai mai juyawa irin na laftof yana zagaye sau 5,400 a minti, kuma akwai ɗan hannu da ke tafiya a kansa yana neman inda aka rubuta abu. Idan fayil ɗaya ne babba, hannun zai sauka wuri ɗaya ya yi ta kwasa, ya ba ka megabait ɗari ko kusa da haka a daƙiƙa. Amma facin fuskoki dubban ƙananan fayiloli ne, kowane ɗan wasa da foldarsa, kowace folda da nata tarkacen, don haka hannun yakan ɓata lokacinsa wajen tsalle daga nan zuwa can. Ya kwatanta mini da wanda aka aika rumbu ya ɗauko buhun gero guda, da wanda aka ce ya tattaro geron buhu guda amma an ƙulla shi a leda dubu an watsa cikin gari. SSD ba shi da hannu kuma ba ya juyawa, shi ya sa ƙananan fayiloli ba sa ba shi wahala irin haka.

Sai dai faifan ba shi kaɗai yake wannan jigilar ba, kuma wannan ne ya warware mini abin da ya fi ɗaure mini kai, wato yadda tsohuwa ta fi sabuwa sauri. A jerin ayyukan da ke gudana ya nuna mini uku da ke rububin faifan tare da wasan. Na farko manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, wadda aikinta ne ta duba kowane fayil a lokacin da aka buɗe shi ko aka rubuta shi, don haka fayil dubu goma bincike dubu goma ne. Na biyu mai tsara fihirisar bincike, wanda kan bi sababbin fayiloli yana rajistarsu don a same su da sauri in an nema, kuma a sabuwar kwamfuta komai sabo ne a wurinsa. Na uku OneDrive, wanda ranar da na fara kunna kwamfutar na yi ta danna amincewa ban karanta ba, ashe na ba shi izinin kwashe foldar Documents zuwa intanet, kuma a cikin wannan foldar ce PES ke ajiye bayanan ƙungiyoyin da aka gyara. A nan na gane inda datata take zurarewa duk lokacin da na haɗa kwamfutar da wayata. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya lalace, kowanne aikin da aka sa shi yake yi. Tsohuwar kwamfutar kuwa wanda ya sayar mini ya riga ya kashe mata tsaro tun kafin ta zo hannuna, fihirisarta ta daɗe da kammaluwa, ba ta san wani OneDrive ba, kuma wutarta kai tsaye take sha ba ta hanyar caja ba.

Kan batun tsaron ne muka fi daɗewa, kuma a nan nake ganin ya fi sauran masu gyaran da na sani hankali. Na ce masa tunda haka ne a kashe shi kawai, kamar yadda aka yi wa tsohuwar. Ya tambaye ni filash nawa ke shiga kwamfutar a mako, na ce ban ƙirga ba, domin duk yaron da ya samo sabuwar riga a filash yake kawo ta. Ya ce to wannan kwamfutar ta fi ta kowa buƙatar mai gadi, kuma rabin aikin da ake kawo masa daga ƙauyuka ƙwayar cutar nan ce da ke ɓoye fayiloli a filash ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Abin da ya yi shi ne ya sa aka bincike foldar facin gaba ɗaya sau ɗaya, wanda ya ci kusan awa guda muna zaune muna shan ruwan leda, da ta fito da tsabta sai ya shiga saitin tsaro ya keɓe folda biyu kacal daga binciken kowane lokaci, ta wasan da ta Sider. Ya kuma kafa mini sharaɗi cewa duk sabon facin da ya zo in fara sauke shi a wata folda dabam da ba a keɓe ba, a bincike shi a can, sannan in matsar da shi. Ya gaya mini gaskiya cewa keɓewar ƙofa ce aka bari a buɗe, kuma ni ne mai gadinta daga yau. Ya ƙara da cewa manhajoji irin Sider, saboda suna shiga cikin wani shirin da ke gudana, wani lokaci manhajar tsaro takan yi musu kallon tuhuma ko da lafiyarsu ƙalau, don haka in riƙa kula da inda nake samo su.

Bayan haka ya mayar da Sider da foldar fuskoki da riguna kan SSD, ya bar manyan fayilolin CPK, waɗanda su ne ƙunshin da wasan ke zuwa da shi, a kan faifai mai juyawa, tunda su manya ne kuma ba su cika wahalar da shi ba. Ya cire foldar facin daga fihirisa, ya raba Documents da OneDrive, ya kuma sanya haɗin wayata a matsayin mai ƙididdigar data don Windows ta rage sauke abubuwa a ɓoye. Ya shiga saitin allo ya umarci wasan da ya riƙa amfani da katin GTX, domin laftof irin wannan katin hoto biyu gare ta, ƙarami na cikin firosesa mai tattalin batir da babba mai ƙarfi. Wannan duka bai ɗauke shi minti ashirin ba, ban da lokacin kwafa.

Sashen da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda bai sani ba. Da muka zo kan Sider kanta ya ce, "Malam, gaskiya ban taɓa aiki da wannan manhajar ba, sai dai mu karanta tare." Ya buɗe fayil ɗin saitinta mai suna sider.ini a Notepad, ya bi shi layi-layi yana tambayata ma'anar kowane suna. Kowane layin da ya fara da cpk.root folda ce da Sider za ta leƙa idan wasan ya nemi wani abu, kuma ni ina da arba'in da uku, domin shekara uku ina ƙarawa ban taɓa ragewa ba. Shida a ciki maimaici ne, huɗu suna nuni zuwa faifan E wanda ya tafi tare da tsohuwar kwamfuta, akwai kuma ƙunshin fuskoki uku da kusan 'yan wasa ɗaya suke ɗauke da su. Ya lura da layin debug, mai sa manhajar ta riƙa rubuta dogon rahoton abin da take yi, wanda ba a kan sifili yake ba, ya buɗe fayil ɗin da manhajar ke rubuta rahotonta a ciki ya ga ya kumbura, ya ce duk wannan rubutun a kan faifan nan mai fama da kansa ake yinsa. Saitin na kwafo shi ne daga wani abokina, wanda wataƙila ya kunna shi yana neman wata matsala ya manta bai kashe ba.

Sauran ƙananan shirye-shiryen Sider da aka rubuta da harshen kwamfuta na Lua, waɗanda ke kawo filaye da ƙwallaye da allon maki kuwa, hanyar da ya bi ta malamin lissafi ce, har na ji haushin ban riga shi tunaninta ba. Ya sa alamar waƙafi mai ɗigo a gaban rabin layukansu a sider.ini don manhajar ta tsallake su, ya kunna wasan ya duba agogo, sannan ya mayar da su ya rufe ɗaya rabin. Ɓangaren da nauyin ya bi shi ya sake rabawa biyu, haka har sau huɗu, sai ga mai laifin ya fito, wani tsohon shirin filaye da na ɗauko tun daga facin PES na wata shekarar, wanda yake neman fayilolin da babu su. Da aka cire shi aka sake gwaji, littafin Injiniya ya nuna daƙiƙa hamsin da biyar. Ya ja layi a ƙarƙashin lambar ya juyo mini da littafin.

Duk da haka ba zan ce aikin ya tafi babu tangarɗa ba. Na koma gida da murna, na tara yara da daddare, muka kunna wasan, sai babu Pillars, babu Golden Stars, babu ƙungiyoyin unguwanninmu guda shida da na shafe makonni ina shigar da sunayen 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya. Raba Documents da OneDrive ya sauya inda foldar take, wasan ya leƙa sabon wurin bai ga fayil ɗin gyaransa ba, sai ya buɗe sabo fil. A shago mun gwada da ƙungiyoyin Turai ne kawai, babu wanda ya yi tunanin duba na gida. Na kira lambarsa har sau biyar a daren nan ba a ɗauka ba, washegari yaronsa ya ɗauka ya ce Oga ya tafi ɗaurin aure, sai bayan kwana uku na same shi. Ya nemi afuwa ba tare da kwana-kwana ba, ya ce laifinsa ne da bai gwada ba, kuma da yake ya kwafi foldar a filash ɗinsa kafin ya taɓa komai, mayarwar ba ta ɗauki minti biyar ba, bai kuma karɓi ko sisi ba. Amma kuɗin mashin zuwa da dawowa ni na biya, da cinikin dare uku da na yi rabi-rabi, kuma abu ne da za a iya warwarewa ta waya da an ɗauka.

Akwai wasu ƙananan abubuwan da ya kamata mai zuwa ya sani. Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya ne na baƙi, kuma ƙurar tasha tana shigowa kai tsaye kan teburin da ake buɗe cikin kwamfutoci, abin da bai kwanta mini ba ga mutumin da ya yi mini huɗuba a kan ƙura. Ba ya ba da rasit sai an nema, wanda ya ba ni ma a takardar littafin nan ya yago ya rubuta. Idan ya shiga bayani yana sauri, yana cakuɗa Hausa da Turancin kwamfuta, don haka wanda bai saba ba sai ya riƙa tsayar da shi, ko da yake ba ya jin haushin maimaitawa. Kuma tsarinsa na zama da mai kaya a yi gwaji tare yana cin lokaci: na shiga da hantsi ban fito ba sai bayan la'asar, a tsakani ya tashi sau da yawa ya sallami masu gyaran waya. Wanda yake son ya ajiye ya tafi kasuwa ya dawo ya ɗauka zai ga kamar ana ɓata masa rana.

Kuɗin aikinsa naira dubu shida ya ce, ban kuma nemi ragi ba, domin bai kai abin da aka yanka mini na fomat ba idan aka haɗa da datar da zan sake saya, kuma fomat ɗin ba zai taɓa cajar ba, ba zai matsar da facin daga faifai mai juyawa ba, sider.ini ɗin nan kuma da hannuna zan sake kwafo shi da duk dattinsa. Bai sayar mini da komai ba. Ya dai ce RAM ɗin sanda ɗaya ce mai gigabait 8 kuma akwai gurbi na biyu a buɗe, idan na samu hali in ƙara irinta, domin sanda biyu suna aiki a tare sun fi ɗaya, amma ya ce ba gaggawa ba ne. Ya kuma ja hankalina cewa firosesar ta shekarar 2020 ce, wato sabuwa ce a kwali amma ba sabuwa ba ce a ƙira, don kada in ɗora mata buri fiye da ƙarfinta.

Shawararsa ta ƙarshe kan zafi ce. Ya tambayi inda nake ajiye kwamfutar, na ce a kan darduma a saman tebur don kada ta goge, sai ya kama kai, ya nuna mini ramukan da fanka ke shaƙar iska ta ƙasa, ya ce firosesar idan ta doshi digiri ɗari takan rage gudu da kanta, kuma a ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ma kan haura digiri arba'in, ba ta da nisa da wannan iyakar tun kafin a fara wasa. Kafinta ya yanko mini katako biyu na ɗora ta a kai, na kuma juya mata ƙaramar fankar sola. Abin da ban shirya masa ba shi ne cajar wat 150 ta fi mai wat 65 ɗin jan wuta nesa ba kusa ba, don haka batiran da a da suke kai ni sha ɗayan dare yanzu inbata takan fara kuka tun goma saura. Na koma rufe ɗakin da wuri a ranakun da aka yi hadari, kuma kuɗin da na fara warewa don sandar RAM ta biyu na karkatar da shi zuwa batir na uku.